Manhajar da ta ɗauka fayil ɗin kwamfuta abin ci ne

Ka taɓa tambayar kanka su waye ke karanta abin da ka wallafa a intanet bayan abokanka sun gani sun wuce? Ba mutane kaɗai ba ne fa. Bari ka ji labarin NELL.

A watan Janairun 2010, masana a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka, ƙarƙashin Farfesa Tom Mitchell, suka kunna wannan manhaja da umarni ɗaya: ta yi ta karatu, ba tsayawa. Dare da rana tana bin ɗaruruwan miliyoyin shafukan Turanci tana tsintar bayanai.

Ba tsafi a ciki. An ba ta rukunoni kamar garuruwa, 'yan wasa da kamfanoni, kowanne da 'yan misalai. Idan ta lura sunayen garuruwan da ta sani suna yawan biyo bayan wasu kalmomi, a ce "magajin garin", to duk sabon sunan da ta gani a wannan gurbi sai ta zarge shi da zama gari, ta ba shi maki daidai yadda ta gamsu. Da abin da ta koya jiya take koyon na yau. Zuwa 2018 ta tara bayanai sama da miliyan 100, wasu ta gamsu da su sosai, wasu kaɗan.

To ga inda ta kwaɓe. A Turanci, kalmar "cookies" na nufin biskit, kuma tana nufin 'yan bayanan da shafuka ke ajiyewa a wayarka. NELL ta jefa na intanet ɗin cikin rukunin burodi da kek. Da ta ga mutane na cewa sun goge "cookies", kuma suna cewa sun goge fayil, sai ta yanke cewa fayil ma abin gasawa ne! Kuskure ya haifi kuskure, sai da mutane suka sa hannu suka gyara.

Kada ka yi mata dariya da yawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manhajoji irin su ChatGPT gininsu daban ne, amma abincinsu ɗaya: rubutun mutane. Ƙaryar da aka yi ta kwafa daga shafi zuwa shafi, na'ura na iya ɗaukar ta gaskiya don kawai ta gan ta sau da yawa.

Mu Hausawa abin ya fi shafar mu, domin rubutunmu a intanet bai kai ya kawo ba. Inda rubutu ya yi ƙaranci, kowane shafi nauyi gare shi, har da naka.

Don haka ka tantance labari kafin ka wallafa. Ka rubuta ƙ, ɗ da ɓ yadda suke, kada "ƙasa" ta koma "kasa". In kana da ilimi a kan garinku, akwai Wikipedia ta Hausa, je ka rubuta shi daidai. Ka tuna, "gari" wurin zama ne, kuma shi ake tuƙa tuwo da shi. In ba mu fayyace ba, wata rana na'ura za ta zuba Kano a buhu.