Dukanci: Ingancin aiki daga fata yake farawa, tun kafin a ɗauki basilla

Sana'ar dukanci a ƙasar Hausa aba ce da aka saba gada daga iyaye da kakanni. To amma a yau ba wuya a ga ɗalibi ko ma'aikaciyar ofis da ta sayi basilla da zare, tana koyon ɗinkin alabe ko jakar hannu a lokacin hutunta. Tambayar da irin waɗannan sababbin shiga suka fi yi ita ce ta kayan aiki. Su kuwa dukawan da suka jima a harkar sun san cewa tun a wurin jima ake yanke hukuncin ko jaka za ta yi shekara ashirin ko kuwa ba za ta ga damina biyu ba.

Wannan ilmi ba sabo ba ne a yankin. Tun a ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masu ɗinkin takalma na Gobir da ake kai hajarsu Tumbuktu da Gao. A shekarar 1851 kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya ƙiyasta cewa takalman da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 10, baya ga jemammun fatu na kimanin miliyan 5 da ake kaiwa har Tarabulus. Kaso mai yawa na fatar da Turawa suka sani da sunan fatar Maroko daga nan ya fito, ya ƙetare hamada a bayan raƙuma, sunan kuwa ya bi tashar da aka yi lodinsa. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Jamhuriyar Nijar ake kira akuyar Maraɗi, ita ce ƙashin bayan wannan suna, saboda fatarta tana da ƙarfi da laushi a lokaci guda.

Jima iri biyu

Majeman gargajiya, kamar waɗanda ke Ƙofar Wambai a Kano, suna jiƙa fata a ruwan toka ko farar ƙasa har gashin ya saki, su kankare shi, su tausasa ta da ganyen fataka, sannan su tsoma ta a jiƙon 'ya'yan bagaruwa. Sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda ke sa bauri a baki, shi ne ke kama zaruruwan fatar ya hana ta ruɓewa. Daga ƙarshe a shafa mata mai, a shanya.

Manyan masana'antun jima, irin na Challawa da Sharaɗa, galibi da gishirin kuromiyam suke aiki. Hanya ce da aka yi wa rajista a Amurka a 1884, kuma a yau akasarin fatar da ke kasuwannin duniya da ita ake jeme ta, domin cikin kwana guda ana iya kammala abin da kan ɗauki majemin gargajiya kwanaki.

Babu wadda ta fi wata a kowane fanni, amma mai koyo ya kamata ya san wadda ke hannunsa. Fatar kuromiyam tana da santsi, ta fi jure ruwa da zafi, ta kuma dace da saman takalmi da rigar fata. Sai dai ba ta karɓar zane, idan an danna mata ƙarfe sai ta koma yadda take. Fatar bagaruwa kuwa in aka ɗan jiƙa ta tana riƙe duk zanen da aka yi mata, ana iya lanƙwasa ta ta zama kube ko gafaka, gefenta kuma yana gogewa ya yi sheƙi. Duk wanda ke son aikin hannu irin na dukawa, da ita ya kamata ya fara.

Bambance su ba shi da wuya. A yanki ɗan ƙarami a dubi tsakiyarsa: launin toka mai ratsin shuɗi alamar kuromiyam ce, sai fa idan rini ya ratsa fatar gaba ɗaya, ruwan ƙasa kuwa na bagaruwa ne. Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Idan aka ga farin layi a tsakiyar yankan, to jimar ba ta ratsa ba, kuma fatar za ta bushe ta ƙage ko ta yi wari da zarar ta sha ruwa. Kazalika a ɗaga ta a hasken rana, domin a nan ne ake ganin shaidar wuƙar mai fiɗa da ramukan kaska.

Rini

Dukawa na samun ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi kuma daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Baƙin kuloko ba rini ba ne da ke zama a saman fata. Ƙarfen da ke cikinsa ne ke haɗuwa da sinadarin bagaruwa ya rikiɗa, shi ya sa ba ya goguwa. Mai koyo zai iya samun irin wannan a gida ta hanyar jiƙa tsatsattsun ƙusoshi a ruwan khal na mako ɗaya ko biyu. A fatar kuromiyam kuwa ba zai yi aiki ba. Wannan dalilin ne kuma ya sa bai kamata a ajiye almakashi ko wuƙa a kan jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa ba, don tabon da za su bari ba ya fita.

Kafin a sayi jar fata, a goga mata farin ƙyalle mai danshi. Idan launin ya biyo ƙyallen, to haka zai biyo farar shaddar wanda zai rataya jakar ranar Juma'a.

Yanka da ɗinki

Fata ba yadi ba ce da ko'ina ɗaya yake. Gadon baya ya fi ƙarfi, ciki da hammata kuwa sun fi miƙewa. Saboda haka bel da igiyar jaka daga ƙirgin sa ake yanko su, a bi tsawon baya, mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Fatar akuya, wadda kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, ta fi dacewa da alabe da bangon littafi. Ya kamata a fara fitar da siffar a kwali, a gwada, sannan a sa wuƙa, wuƙar kuma ta kasance mai kaifi sosai, domin dakusasshiya ce ke jan fata ta kauce daga layi.

Ɗinkin da ya fi ƙarko shi ne na allura biyu a zare ɗaya, inda kowace allura ke ratsa kowace huda daga ɓangarenta. Idan zaren ya tsinke a wuri guda ɗayan yana nan riƙe, saɓanin ɗinkin keke da kan warware. A huda da basilla a tazarar milimita 3 zuwa 4, a auna zare ya ninka tsawon ɗinkin sau huɗu, a kuma murza shi da kakin zuma. Huda da suka matsu da juna fiye da kima suna mayar da layin ɗinki wurin yagewa.

Bayan an gama, hunturu na busar da fata ta tsage, damina kuma na kawo fumfuna. Idan ta jiƙe a bar ta ta bushe a inuwa, ba a rana ko kusa da wuta ba. Mai kaɗan ya isa, kuma a fara gwada shi a kan ɓarɓashi, don yana duhunta launi.

Fatar layya

Babbar damar samun fata ga mai koyo ita ce Babbar Sallah, lokacin da ake yanka dabbobi masu ɗimbin yawa a rana guda. Mafi yawan malamai na ganin mai layya ba ya sayar da fatar, amma yana iya amfani da ita ko ya bayar sadaka, kuma ƙungiyoyi irin su Izala na tattara ta kowace shekara. Abin takaici shi ne yawancin asarar a tsakar gida ake yinta, a hannun mai fiɗar da ke sauri. Wuƙa mai tsini tana huda fata, don haka a yi amfani da mai lanƙwasasshen baki, a fatar rago da akuya ma dunƙulen hannu ya fi wuƙar aiki.

Da zarar an feɗe, ƙwayoyin cuta sun fara cin fatar. Cikin 'yan sa'o'i a kankare kitse da nama, a wanke jini, a barbaɗa gishiri mai yawa a ɓangaren naman. Wanda ba shi da gishiri ya ɗaure ta a kan katako a inuwa inda iska ke ratsawa. Shimfiɗa ta a ƙasa cikin rana yana busar da waje ya bar ciki yana ruɓewa, kuma ba za a gane ba sai majemi ya tsoma ta a ruwa ta fara sāɓulewa. Masu son horo na sosai kan wannan fanni na iya neman cibiyar nazarin fasahar fata ta gwamnatin tarayya da ke Samaru a Zariya.