Gidan Wankan Titin Moseley: An Samu Kuɗin Gyara, Saura Na Riƙo

A unguwar Balsall Heath da ke cikin birnin Birmingham na ƙasar Ingila akwai wani tsohon gini na jan bulo a bakin Titin Moseley, mai ƙofofin shiga uku. A bisa kowace ƙofa an sassaƙa sunan waɗanda aka yi ta dominsu: ɗaya ta maza masu hali, ɗaya ta maza masu ƙaramin ƙarfi, ɗaya kuma ta mata. Gidan wanka ne na jama'a, wanda majalisar birnin ta buɗe ran 30 ga Oktoba, 1907, kuma an shafe shekaru ana ja-in-ja a kan ko za a gyara shi ko za a bar shi ya ruɓe.

Asalinsa alkawari ne. Sa'ad da aka shigar da Balsall Heath ƙarƙashin mulkin Birmingham cikin 1891, an yi wa mutanen unguwar alkawarin ɗakin karatu da gidan wanka. Ɗakin karatun bai daɗe ba aka gina, amma gidan wankan sai da aka jira shekara 16. A wancan zamani galibin gidajen leburori ba su da makewayin wanka, saboda haka tun 1846 wata doka ta ba hukumomin garuruwa ikon gina irin waɗannan wurare da kuɗin haraji. Ban da manyan kwamaye biyu na iyo, an yi ƙananan ɗakuna 46, kowanne da bahonsa, inda mutum zai biya 'yan kwabbai a tara masa ruwan zafi ya yi wanka. Abin mamaki, ba a daina amfani da ɗakunan nan ba sai 2004.

Lalacewar ta fito fili cikin 2003, lokacin da aka rufe babban kwamin, wanda ake yin gasa a cikinsa 'yan kallo na zaune a bene, saboda ginin ya fara zama haɗari. Ƙaramin kaɗai aka bari yana aiki. Daga nan kullum maganar majalisa ɗaya ce, watau babu kuɗi.

Maganar kuwa ba ƙarya ba ce, kuma ba Birmingham kaɗai ta shafa ba. Dokar Ingila ta wajabta wa majalisun ƙananan hukumomi su kula da tsofaffi da naƙasassu da yara marasa gata, su kwashe shara, su tanadi ɗakunan karatu. Ba ta wajabta musu riƙe wurin iyo ko zauren wasanni ba. Tun 2010 gwamnatin tsakiya ta yi ta zaftare kason da take ba majalisu, alhali nauyin kula da tsofaffi sai ƙaruwa yake yi. Idan ma'aji ya zauna da alƙalami yana neman abin da zai soke ba tare da an kai shi kotu ba, wurin iyo na cikin abubuwan da idonsa zai fara faɗa wa.

Ga shi kuma wuri ne mai cin kuɗi. Dole a dumama ruwan dare da rana, a tace shi, a zuba magani, a biya masu tsaron rai. Da yawa daga cikin kwamayen ƙasar an gina su ne tsakanin 1960 da 1980, tukwanen dumama ruwansu sun tsufa, rufinsu na zubar da zafi. Cikin 2021 ƙungiyar iyo ta ƙasar, Swim England, ta yi gargaɗin cewa kusan kwamaye 2,000 na iya rufewa kafin 2030 in ba a zuba kuɗi ba. Shekara na zagayowa Rasha ta abka wa Yukren, farashin gas ya yi tashin gwauron zabo. A watan Maris na 2023 gwamnati ta ware Fam miliyan 63 domin agaza wa wuraren iyo na Ingila, kimanin kashi ɗaya cikin uku don biyan kuɗin wuta da gas, sauran don rage cin makamashi. Mai karatu zai gane ƙanƙantar kuɗin nan idan ya ji cewa sabuwar cibiya guda ɗaya tak, wadda majalisar birnin Exeter ta buɗe cikin 2022, ta ci kimanin Fam miliyan 44.

Wanda ya ɗauka duk wannan hidima ta masu neman nishaɗi ce, ya dubi manhajar makarantun firamare ta Ingila. Ta ce kafin yaro ya gama firamare sai ya iya iyo na aƙalla mita 25, ya kuma san yadda zai ceci kansa in ya faɗa ruwa. Makarantu ƙalilan ne ke da kwami nasu na kansu, sauran duk na majalisa suke kai yara. Birmingham kuwa gari ne da hanyoyin ruwa na jiragen dako suka keta ta ko'ina. Ɗan mai mota za a kai shi wata unguwa ya koya. Ɗan Balsall Heath, wadda ke cikin unguwannin talakawan birnin, in an rufe na kusa da gida, sau da yawa shi ke nan.

Saboda haka mutanen unguwa ba su zauna jiran majalisa ba. Cikin 2006 suka kafa ƙungiyar abokan gidan wankan, suka yi ta kai baƙi zagaye suna nuna musu ginin, suna tattara labaran dattawan da suka koyi iyo a ciki. Ƙoƙarinsu ya sa wata ƙungiyar duniya mai kare tsofaffin gine-gine, World Monuments Fund, ta sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari na 2016. Duk da haka majalisa ta yi niyyar rufe shi cikin 2017, shekarar da aka buɗe wani sabo a unguwar Sparkhill da ke maƙwabtaka. Ga lissafin ofis hujja ce mai ƙarfi, tun da ga sabo kusa. Mutanen suka ƙi. A watan Afrilu na 2018 wata ƙungiyar sa kai da suka kafa ta karɓi ragamar gudanar da iyo, ginin kuwa ya ci gaba da zama mallakar majalisa. Ƙungiyar National Trust da hukumar Historic England suka shigo da shawara da tallafi, har aka gyara rufin babban kwamin.

A watan Oktoba na 2021 haƙa ta cim ma ruwa: gwamnati ta ba da Fam miliyan 15 da rabi daga asusun raya yankunan da aka bari a baya, domin kashin farko na gyaran gidan wankan da ɗakin karatun da ke manne da shi. A nan ya kamata a yaba wa majalisa, domin ita ta shigar da takardar neman kuɗin, bayan shekaru tana neman hanyar rabuwa da ginin.

Sai dai murna ba ta yi nisa ba. A watan Satumba na 2023 majalisar Birmingham, wadda ta fi kowace girma a ƙasar, ta sanar a hukumance cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, galibi saboda bashin da aka ƙiyasta zai iya kai Fam miliyan 760 na ma'aikata mata da aka daɗe ana biya ƙasa da maza. Gwamnati ta turo kwamishinoni su sa ido a kan baitulmalin, aka ƙara harajin gidaje da kusan kashi 10 cikin 100 a 2024. Wata ɗaya bayan sanarwar, cikin Oktoba na 2023, aka rufe gidan wankan domin shirin gyara.

Kuɗin da aka bayar na gini ne: rufi, bango, bututu, tukunyar dumama ruwa. Kuɗi irin wannan yana da farin jini, domin akwai ranar yanka ƙyalle da ɗaukar hoto. Takardar kuɗin gas da albashin mai tsaron rai kuwa kowane wata suke zuwa, ba su cikin wannan kyauta. A garin Gateshead da ke arewacin Ingila, kuɗin riƙo ne ya sa majalisa ta rufe cibiyoyi biyu a watan Yuli na 2023, sai da mutanen gari suka kafa ƙungiyoyi suka sake buɗe su da kansu cikin 2024. A Titin Moseley ma, tun 2018 zuwa ranar da aka rufe, kuɗin shiga na masu iyo da na makarantu, da tallafin da aka roƙo, da gumin 'yan sa kai, su suka riƙe ruwan da ɗumi.