Daga Maraɗi zuwa Urushalima: Abin da muka gani da abin da muka dawo da shi

A Nijar, idan aka ce wani ya tafi ƙasa mai tsarki, hankalin kowa Makka yake tafiya. Ba abin mamaki ba ne, domin Kiristocin ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'umma ba, kuma ko a cikinsu ƴan kaɗan ne suka taɓa taka wuraren da suke jin sunayensu kowace Lahadi a majami'a. Maniyyata aikin hajji suna da hukumar COHO mai kula da tafiyarsu. A Najeriya, Kiristoci ma suna da tasu hukumar ta gwamnati, har wanda ya dawo yakan liƙa JP a bayan sunansa. A nan kuwa, duk Kiristan da ya ƙudura zuwa Urushalima, shi da aljihunsa ne. Ga kuma wani cikas: tun shekarar 2002 Nijar ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila.

Duk da haka, a farkon shekarar 2023 mu 23 muka kama hanya, daga Maraɗi, Tsibiri, Galmi, Dogon Dutsi, Damagaram da Yamai. A cikinmu akwai fastoci uku, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, manoma da ƴan kasuwa. Wata baba ta zumuntar mata daga Tsibiri adashi ta yi har shekara huɗu. Wani manomin albasa na Galmi sai da ya haɗa da bijimansa biyu kafin kuɗin su cika. Takardun sun ci watanni a hannun kamfanin da ya shirya tafiyar, sannan jirgi ya ɗauke mu daga Yamai zuwa Istanbul, daga can muka sauka Amman, babban birnin Jodan.

Dutsen Nebo da Kogin Urdun

Zangon farko shi ne Dutsen Nebo, inda Littafi Mai Tsarki ya nuna cewa Annabi Musa ya tsaya ya hango ƙasar alkawari, ya kuma rasu bai shige ta ba. Daga saman ana hango Tekun Gishiri, wanda yake kimanin mita 430 ƙasa da doron teku, da koren dausayin Yariko. Limaman Faransiskan ne ke kula da wurin, kuma akwai itacen zaitun da Paparoma John Paul na biyu ya dasa a shekarar 2000. Babban fastonmu bai yi dogon wa'azi ba. Ya tuna mana da mutanen da suka fara ikilisiya a Tsibiri da Galmi, waɗanda suka yi shekaru suna wa'azi ga mutum biyar ko shida, suka mutu ba su ga majami'a ta cika ba. Muka ambaci sunayen iyayenmu ɗaya bayan ɗaya cikin addu'a.

A garin Madaba mun ga taswirar ƙasa mai tsarki da aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu masu launi a daɓen cocin Waliyyi Jorj tun ƙarni na 6. Daga nan muka gangara zuwa Al-Magtas, wurin da aka yi imani Yahaya ya yi wa Yesu baftisma. Yankin ya daɗe cike da nakiyoyi, sai bayan yarjejeniyar zaman lafiyar Jodan da Isra'ila ta 1994 aka kwashe su, masu tonon tarihi suka gano kufan tsofaffin majami'u. A 2015 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Kogin da muke rera wa waƙoƙi tun muna yara, ashe ɗan ruwa ne jawur mai laka, wanda faɗinsa bai wuce ƴan mitoci ba. Babar Tsibiri ta tsaya ta riƙe haɓa. “Fasto, wai nan ne anka yi mishi baftisma? Yo ai gulbin Maraɗi da damina ya fi wannan!” Aka kwashe da dariya. Jagoranmu ya yi bayani cewa yawancin ruwan ana tare shi tun daga sama domin noman rani da sha. Can kuma sai na ga babar ta tsuguna a kan matakala, ta sa hannu a ruwan, tana kuka ba sauti. Da muka koma mota ta ce mini: “Ɗana, in dai Ubangiji ya yarda ya shiga wannan ruwa, to babu ƙazamin wurin da zai ƙi biyo mutum.”

A nan ne kuma aka yi gardamar farko. Wasu sun cika gorunan roba da ruwan kogin domin kai wa marasa lafiya a gida, wasu suna son a sake yi musu baftisma kamar yadda muka ga baƙi sanye da fararen riguna suna yi a ɗaya gaɓar. Fastocin suka ce baftismar da aka yi wa mutum a tafkin ƙauyensu ba ta gaza ta Urdun da komai ba, kuma a yi hattara kada ruwan ya koma laya. Aka tsaya a kan cewa mai so ya ɗiba a matsayin tsaraba. Ban ga wanda ya zubar da nasa ba dai.

Galili a idon manomi

Mun tsallaka ta gadar Sarki Husaini, muka ratsa Yariko, muka yi arewa zuwa Galili. Abin da ake kira Tekun Galili tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa kimanin kilomita 21, faɗinsa 13. Kifin da ake soya wa baƙi da sunan kifin Bitrus, muna gani muka gane shi: karfasa ce. A Ginosar akwai wani kwalekwalen katako na zamanin Yesu da aka gano cikin laka a 1986, lokacin da fari ya sa ruwan ya ja baya. A Kafarnahum kuma an gina sabon coci a kan ginshiƙai, ta yadda ana leƙa kufan gidan da ake cewa na Bitrus ne daga sama.

Amma darasin da ya fi zama mini daga bakin manomin Galmi ya fito. Muna gangarowa daga tudun da ake dangantawa da wa'azin kan dutse, sai ya tsayar da mu a bakin wata gona. Ya nuna baƙaƙen duwatsun da suka cika ta, ya nuna ƙayar da ke gefe, ya nuna ƴar hanyar da ƙafa ta daddale, ya damƙo ƙasa mai kyau a tsakaninsu. “Malam, ka gani? Duka huɗun ga su nan cikin gona guda. Ashe da ya ba da misalin mai shuka, abin da ke gabansu ne ya nuna musu.” Shekara nawa ina jin wannan misali, ban taɓa tunanin cewa masu sauraronsa manoma ne da suka san asarar iri ba.

Baitalami da ƴan'uwan da ba mu sani ba

Tsakanin Urushalima da Baitalami kimanin kilomita 10 ne kawai, amma sai an bi ta shingen sojoji a gindin doguwar katangar siminti. Cocin Haihuwa yana cikin tsofaffin majami'un duniya da har yau ake sujada a cikinsu. An fara gina shi a ƙarni na 4, aka sake gina shi a ƙarni na 6. Ƙofar shigarsa ba ta wuce ƙirjin mutum ba, dole kowa ya sunkuya. A kogon da ke ƙasa akwai tauraron azurfa mai tsini 14 da ke nuna wurin haihuwar. Layin ya ci mana sama da awa guda, tsayuwar kuwa ko minti ɗaya ba ta kai ba.

Da yawa a cikinmu ba su san akwai Falasɗinawa Kiristoci ba. Mun shiga wata sujada da ake yi da Larabci, muka ji suna kiran Allah kamar yadda mu ma muke kira da Hausa. Wani mai sassaƙa itacen zaitun da muka sayi gicciye a shagonsa ya ce kakanninsa a nan suke tun kafin a san iyakokin yanzu, amma ƴaƴansa biyu sun yi ƙaura zuwa waje saboda rashin aiki da wahalar zirga-zirga. A da Kiristoci ne suka fi yawa a garin, yanzu sun zama tsiraru. Da muka gaya masa yawanmu a Nijar, sai ya yi murmushi ya ce ashe mun san abin da yake nufi. A motar dawowa an yi shiru. Akwai masu zuwa da tunanin cewa sun san ɓangaren da Kirista ya kamata ya tsaya a rikicin yankin, suka koma masauki da tambayoyi.

Makulli a hannun Musulmi

A cikin ayarin akwai wani dattijon ikilisiya daga Damagaram. Cocinsu yana cikin gomman majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, lokacin zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo. Ya gane fuskokin wasu daga cikin samarin da suka zo ranar, har da ɗan maƙwabcinsa. An sake gina cocin, amma shi shekara takwas bai ƙara taka zauren maƙwabcin ba.

Shi ne ya nace mu tashi tun kafin asuba mu ga yadda ake buɗe Cocin Kabari Mai Tsarki, wanda ya rufe wurin da al'adar ikilisiya ta ce nan aka gicciye Yesu aka kuma binne shi. Makullin wannan coci yana hannun Musulmi: gidan Judeh ne ke ajiye shi, gidan Nusaiba ne ke buɗe ƙofar, kuma ana danganta tsarin da zamanin Salahuddin, wanda ya karɓi birnin a 1187. Muna tsaye cikin sanyi aka miƙo ƙaramin tsani ta wata ƴar taga a jikin ƙofar, mutumin ya hau ya buɗe makullin sama. A tsallaken harabar ga Masallacin Umar, wanda ke tuna labarin da ake bayarwa cewa Halifa Umar ya ƙi yin salla a cikin cocin don kada na bayansa su mayar da shi masallaci.

Dattijon ya matso kusa da ni ya ce: “Ɗana, wannan mutum kullum sai ya bar barcinsa ya zo ya buɗe mana. Ranar da anka ƙone namu ma, ai wata Hajiya ce ta ɓoye matata da jikokina a ɗakinta. Ita na manta, waɗancan nake ta tunawa.”

Cocin ya nuna mana namu aibin ma. Ɗariku shida ne ke raba shi, Girkawa, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawa, Siriyawa da Habashawa, kowa da kusurwarsa da lokacinsa. Wani tsanin katako yana jingine a ƙarƙashin taga tun ƙarni na 18, saboda ba mai ikon taɓa shi sai da yardar sauran. Mu ma ayarinmu ya so ya rabu: ƴan Katolikan Dogon Dutsi hankalinsu yana nan, ƴan bishara sun fi samun natsuwa a Kabarin Lambu da ke wajen ganuwa. A ƙarshe duka muka je wuraren biyu tare. A kowanne, abin da aka nuna mana kabari ne wanda babu kowa a ciki, kuma a kan wannan babu mai gardama.

Kafin mu bar tsohon birnin mun ratsa unguwar ƴan Afirka, daf da ɗaya daga cikin ƙofofin Masallacin Al-Aƙsa. Mazaunanta jikokin alhazai ne daga Cadi, Najeriya, Sudan da Senegal, ciki har da Hausawa, waɗanda suka zo ziyara suka zauna. Wani tsoho ya ji muna hira, ya ɗaga hannu ya ce “sannu da zuwa”. Ya ce ƴan kalmomin da suka rage masa ke nan daga bakin kakansa.

Bayan dawowa

Ba kowa ne ya yaba tafiyar ba. A wani taron ikilisiya, wani matashin dikin ya tambaya ko kuɗin mutum 23 ba su isa a yi wa majami'un ƙauye da dama rufin kwano ba. Fasto bai musa ba. Ya ce ziyarar Urushalima ba farilla ba ce ga Kirista, wanda bai je ba bai rasa komai na ceto ba, wanda ya je kuma bashi ne a kansa ya nuna amfaninta. Shi ya sa aka hana masu dawowa ƙara wani laƙabi a sunansu.

Babar Tsibiri yanzu ita ke ba yara labarin Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi, da hotunan da jikarta ta wanko mata. Dattijon Damagaram ya ɗauki dabinon Yariko ya kai wa maƙwabcinsa. Da na tambaye shi a waya yadda suka ƙare, cewa ya yi: “Mun gaisa, mun sha ruwa. Zuciya ba ta gama wankewa ba tukuna, amma na je sunan jikansa.”

Watanni bayan dawowarmu yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023, kuma a Kirsimetin shekarar an soke shagulgula a Baitalami. Masu ziyara suka ɗauke ƙafa, shagunan masu sassaƙa suka rufe. A zauren WhatsApp na ayarin, kowace Juma'a da dare ana addu'a domin mazauna ƙasar, Yahudawa da Musulmi da Kiristoci, ana ambaton garuruwan da muka kwana da mutanen da suka ciyar da mu. An taɓa haɗa ɗan abin da ya samu aka aika wa mai sassaƙan nan.

Mata tara daga zumuntar Maraɗi sun riga sun buɗe sabon adashi domin ayari na biyu. Ba a sa rana ba, ana jiran hanya ta yi kyau.