Kaskon Gawayi a Ɗaki Lokacin Hunturu

A arewacin Kanada, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, matafiya kan kwana a tanti da murhun itace, amma sai da bututu mai fitar da hayaƙi waje. A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kuwa, sanyin Disamba da Janairu kan sa a shigar da kaskon gawayi ɗaki, a rufe ƙofa da taga. Garwashin yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari. Jinin mutum yakan riƙe ta fiye da iskar oksijin sau 200. Alamunta ciwon kai da jiri. Mai barci kuwa yana iya zarcewa lahira. Saboda haka in an ji ɗumi, a fitar da kasko kafin a kwanta.