Gida Naka, Kare Sai da Izini

A Ingila mutum kan zuba kuɗi masu yawa ya sayi gida a bene, ya karɓi makulli, daga baya ya tarar ko kyanwa ba shi da ikon ajiyewa a ciki. Matsalar tana cikin irin cinikin da ya ƙulla. Yawancin gidajen bene a can ba a sayar da su ɗungurungum. Abin da ake saya shi ne haƙƙin zama na shekara 99 ko 125, wani lokaci har 999, ginin da filin kuwa na wani ne daban. Wanda ya san takardar fili ta shekara 99 da gwamna ke sa wa hannu a Najeriya zai ɗan gane abin, sai dai sharuɗɗan Ingila sukan biyo mutum har cikin falonsa.

Wata yarjejeniyar takan hana dabba kwata-kwata. Wata kuma ta ce sai da rubutaccen izinin masu kula da ginin, kuma a nan ne rigima ta fi yawa.

A unguwar Limehouse da ke gabashin Landan, wasu miji da mata sun tare a wani rukunin gidaje mai suna Victory Place da ɗan ƙaramin karensu. Kamfanin da ke kula da wurin ya ƙi ba su izini, domin al'adarsa ita ce ba a ajiye dabba sai da wani dalili na musamman, kamar karen da ke yi wa makaho jagora. Suka ce karen na taimaka wa lafiyar matar, amma ba su kawo takardar likita ba. A 2018 Babbar Kotu ta goyi bayan kamfanin. Abin da tausayi, amma a ganina maƙwabta ma suna da hujja: sun sayi nasu gidajen ne da sanin ba za su kwana da haushin kare ba.

Dokar masu haya ta 2025 ta ba ɗan haya damar neman izinin ajiye dabba, kuma ba a hana shi sai da dalili. To amma idan maigidan nasa shi ma yana ƙarƙashin yarjejeniyar da ta haramta dabbobi, wannan kaɗai dalili ne karɓaɓɓe. Shi ya sa lauyoyin cinikin gidaje ke tambayar mai saye tun kafin ya sa hannu: "Kana da kare ko kyanwa?"