Shin Ko Kun San? Atisaye da Rabon Rukuni a Wasannin Masu Nakasa

A kasuwannin Nguru da Gashuwa akwai samarin da shan inna ya taɓa, suna tuƙa keken hannu a cikin rairayi, damatsansu sun murɗe. Idan irinsu suka shiga gasa, shin wannan ƙarfin zai sa a jefa su cikin waɗanda suka fi su lafiya? Ga abin da dokar wasanni ta tanada.

Shin ko kun san cewa wasu nau'o'in nakasa ne kaɗai ke ba mutum damar shiga Gasar Olamfik ta Nakasassu? Daga ciki akwai raunin tsoka, rashin hannu ko ƙafa, bambancin tsawon ƙafafu, wadanci, raunin gani da tawayar ƙwaƙwalwa.

Shin ko kun san cewa tun 2007 kwamitin duniya mai shirya gasar ya kafa dokar raba rukuni? Jigonta shi ne a auna yadda nakasa ke tauye ɗan wasa, ba gwanintarsa ba. Ba a ɗora wa mutum laifin ƙwazonsa.

Shin ko kun san yadda ake awon? Likita yakan riƙe ƙafa ko hannu ya ce a tura, ya ba tsokar maki daga 0 zuwa 5. Lafiyayyen hannu maki 5 ne, ko na mai ɗaga ƙarfe ne ko na wanda bai taɓa ɗagawa ba. Tsokar da jijiyarta ta mutu kuwa, atisaye ba ya tashinta.

Shin ko kun san inda gizo ke saƙar? Wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa tun haihuwa, gaɓoɓinsa na sanƙarewa ko karkarwa, yawan atisaye na iya gyara masa motsi. Shi ya sa masu tantancewa ke tambayar tsawon lokacin da ya yi yana horo, su kalle shi a fili, yara masu tasowa kuma a sake duba su.

Shin ko kun san cewa rukuni na iya suɓucewa? André Brasil, ɗan ninƙayar Brazil da ya yi shan inna, ya ci lambobi 14 a Gasar Olamfik ta Nakasassu, amma a 2019, bayan an sauya tsarin awo, aka ce nakasarsa ba ta kai ba.

Shin ko kun san cewa ɓoye ƙarfi gaban masu tantancewa na jawo dakatarwar da ke kaiwa shekara 4? A Sidni a 2000 an ƙwace zinaren ƙwallon kwando daga Sifaniya, domin 10 cikin 'yan wasanta 12 lafiyarsu ƙalau.

Shin ko kun san cewa a ɗaga nauyi, inda Najeriya ta yi zarra, rukunin nakasa ɗaya ne? Nauyin jiki da jinsi kawai ke rabawa. A Faris a 2024 Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167, ta kafa tarihin duniya.

Shin ko kun san cewa ciwon ƙoda, da ya daɗe yana addabar Gashuwa, ba ya cikin jerin nan? Kurame ma gasarsu daban, tun 1924.

Shin ko kun san cewa ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu a zaune kan allo mai taya, Bakano ne, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ta a 1988?

Don haka matasan Gashuwa da Nguru ku dage da atisaye, ku adana takardun asibiti, domin su ake fara nema. Ma'aikatar wasanni a Damaturu kuma ta kawo masu tantancewa arewacin Yobe, a san rukunin kowane yaro tun yana da ƙuruciyar fara horo.