Abin da ya sa ciwon dajin wuya da baki ke dawowa bayan an yi magani

Manomin dawa a Gaya ko Ajingi ya san halin ƙuduji. A cire shi bana, baɗi ya sake fitowa, domin irinsa na kwance a ƙasa shekaru yana jira. Masana sun gano cewa ciwon daji na baki da maƙogwaro da hanci yana da irin wannan hali.

A shekarar 2007, Dakta Mark Prince da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka rarraba ƙwayoyin ƙarin da aka ciro daga marasa lafiya. Sai suka ga wasu 'yan ƙalilan, waɗanda galibi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, masu ɗauke da alamar da ake kira CD44, su ne ke haifar da sabon ƙari idan an dasa su a jikin ɓera. Sauran ba sa iyawa.

Waɗannan su ne iyayen ƙwayoyin daji. Suna sabunta kansu, kuma bincike ya nuna sun fi sauran jure wa allurar daji da gashin na'ura. Shi ya sa ƙari kan saɓe har iyali su yi murna, bayan watanni ya dawo.

Nan ne haɗarin yake ga mutumin karkara. Wanda aka tura daga Babban Asibitin Gaya zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Shika ta Zariya, ga kuɗin mota ta Wudil, ga na magani, ga gona tana jira. Da kumburi ya sauka, sai ya ga kamar an gama. Alhali katse magani a tsakiya dama ce ga ƙwayoyin da suka rage su sake yaɗuwa.

Haka kai ƙarin wuya wurin wanzami: tsaga ba ta taɓa tushen, sai ɓata lokaci.

Likitoci na shawartar duk wanda gyambon bakinsa, ko dishewar murya, ko ƙulun wuya ya wuce mako 3 ya je asibiti, musamman mai shan taba. Wanda kuma aka yi wa magani, kada ya tsallake ranar komawa ko da yana jin garau, domin a nan ake kama ciwon idan ya fara tsirowa.